Kafireta biyu a tsohuwar MG: yadda ake sa su ja tare

Tambayar da aka aiko: "Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana mota ƙirar MGB ta 1966 a gidanmu na Samaru. Ta daɗe lulluɓe da tamfol. Na sa an tashe ta, amma ba ta tsayawa a silo, wani lokaci ta yi sama, wani lokaci ta nemi mutuwa. Fulogi biyu na gaba baƙi ƙirin, biyu na baya fari fat. In na taka totur sai ta yi tari kafin ta ɗauka, ga shan mai kamar rariya. Wani makanike ya ce a cire kafiretocin nan biyu, a ɗora mata guda ɗaya ta Peugeot 504, kowa ya huta. Mece ce shawararka?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Kada ka bari a cire su. Wanda ya ba ka shawarar ba mugunta ya yi maka ba, abin da hannunsa ya sani ya faɗa. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, titunanmu suka cika da 504, duk yaron da ya koyi aiki daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada a kan kafiretar Solex ya buɗe ido. In ya ɗaga murfin injin ya ga wasu tuluna biyu a kife, babu jet ɗin silo, babu famfon feshin mai, sai ya ɗauka wata masifa ce ta Turawa. Alhali irin naka, SU HS4, sun fi Solex sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma Solex ba za ta zauna a manifol ɗin MG ba sai an yi yanke-yanke da walda, a ƙarshe ka rasa motar babanka, ba ka kuma samu 504 ba.

Ka fara fahimtar abin da ke hannunka. Kowace kafireta jet ɗaya tak gare ta, wato bututun da mai ke fitowa ta cikinsa, sai allura mai tsini da ke shiga cikin jet ɗin, allurar kuma tana maƙale a ƙasan wani fiston da ke hawa da sauka cikin tulun nan. In ka taka totur injin ya zuƙi iska, zuƙar ce ke ɗaga fiston. Yana ɗagawa ƙofar iska na ƙara faɗi, allura na fitowa daga jet, siririn wajenta na ba mai hanya. Wato iska da mai tare suke ƙaruwa, tun daga silo har ƙarshen gudu. Shi ke nan aikin. 'Yan gidan Skinner da suka kafa kamfanin SU a Landan a 1910 daga gidan masu sana'ar takalma suka fito, shi ya sa kafiretocinsu na farko da 'yar jakar fata suke ɗaga fiston. Da a nan ne, da mun ce dukawa ne suka shiga makanikanci.

Injin naka mai silinda huɗu ne, cc 1798, amma ƙofofin shan iska biyu ne kawai a top silinda. Kafiretar gaba tana ciyar da silinda ta 1 da ta 2, ta baya tana ciyar da ta 3 da ta 4, sai wani bututu a manifol da ya haɗa su don su riƙa ɗan taimakon juna. Saboda haka fulogoginka sun riga sun ba ka rabin labari: ta gaba mai ya yi mata yawa, ta baya iska ta yi mata yawa. Ka taɓa ganin shanun huɗa, ɗaya na ja ɗaya na noƙewa? Kunya ba ta miƙewa, kuma dukkansu biyu sai sun galabaita. Halin da injinka ke ciki ke nan.

Amma kafin ka ɗora sifana a kan kafireta, tsaya. A shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin motocin da aka kawo mini da sunan ciwon kafireta, an bar jaki ne ana dukan taiki. SU ba ta sauya saiti da kanta. Abubuwan da ke kewaye da ita ne ke lalacewa, sai a zo a yi ta murɗa ta don a rufe laifinsu. Ka fara da bawul, injin na sanyi: tazarar inci 0.015, wato milimita 0.38, na shiga da na fita duka. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu, domin an ƙera top silindar nan ne a zamanin fetur mai dalma, fetur na yau kuwa babu ita, mazaunin bawul ɗin fitar hayaƙi na iya cinyewa sannu a hankali, tazara ta rufe. Daga nan ka auna kompireshin na silinda huɗun. Ba yawan lambar ne ya fi damuna ba, kusancinsu ne. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, babu saitin da zai daidaita silo. Sai wuta: bakin fulogi inci 0.025, bakin kwantak inci 0.015, taimin wajen digiri 10 kafin fiston na silinda ta 1 ya kai ƙololuwa in ana saitawa injin a kashe. Wayoyin fulogi su bi jerin 1-3-4-2. Ka kama sandar distirbuta ka girgiza. In tana rawa gefe da gefe, bakin kwantak zai riƙa sauyawa yana tafiya, silo kuma ba zai taɓa zama ba.

Wani gargaɗi tun da mun zo wajen wuta. MGB ta 1966 daga masana'anta wayar batur mai alamar tarawa (+) ce ke haɗe da jikin mota, saɓanin motocin yau, kuma batura biyu gare ta masu bolt 6 a bayan kujeru. Watakila an sauya tsarin a tsawon shekaru, watakila ba a sauya ba. Ka duba da idonka kafin wani ya jona fitilar taimin ko na'urar ƙirga juyi a juye.

Sai satar iska, wadda nake zargi a kan fararen fulogoginka na baya. Duk iskar da ta shiga injin ba ta maƙogwaron kafireta ba, ba ta ɗauko rabonta na mai ba. Ka duba gaskit ɗin da ke tsakanin manifol da top silinda, da katangun roba masu kauri da ke bayan kowace kafireta, da siririn bututun da ya tashi daga kafiretar baya ya tafi distirbuta. Injin na silo, ka ɗan fesa man wanke kafireta a kowace mahaɗa. In muryarsa ta sauya, ka kama ɓarawo. Ka yi a hankali, domin a injin nan manifol ɗin hayaƙi yana ƙarƙashin kafiretocin ne kai tsaye, gefe ɗaya suke. Abin kashe gobara ya kasance kusa da hannunka. Akwai kuma wani abu mai kama da naman kaza zaune a kan manifol na motocin shekarun nan, bawul ne da ke zuƙe tururin cikin injin, da faifan roba a cikinsa. Ni kaina ya taɓa wahalar da ni. Kwana biyu cur ina murɗa notin jet a wata mota irin taka, in saita da safe ta yi daidai, da la'asar ta birkice, har na fara zargin kunnena. Yaron shagona ne ya ɓalle murfin abin don ya goge, sai ga robar ta tsage kamar tsohon takalmi. Muka sauya ta, cikin rabin sa'a aiki ya ƙare. Tun ranar nan shi nake fara buɗewa.

Mai kuma fa? Motar da ta daɗe a ajiye, fetur ɗin cikinta ya zama danƙo. A sauke tanki a wanke, a busa bututu, a sa sabuwar matatar mai. Kada ka yi saiti da man 'yan bumburutu, ba ka san abin da aka gauraya a galan ba. Ka sha a gidan mai da ka yarda da shi, irin wanda za ka ci gaba da sha. Ka kuma duba famfon mai. Na asali na lantarki ne, yana baya kusa da tanki, shi ne mai ƙas-ƙas ɗin nan in ka murɗa makulli. SU ba ta son matsi, abin da bai wuce psi 3 ba ya ishe ta. In an sa mata famfon wata mota mai ƙarfi, zai danne ƙaramin bawul ɗin kofin mai, man ya yi ambaliya, fulogi su yi baƙi kome ka yi. Ka buɗe murfin kofin kowacce, ka girgiza fulot, abin da ke yawo a kan man kofi, kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki ya huje. Ka kife murfin, tazarar da ke tsakanin hannun fulot na roba da bakin murfin ta kasance tsakanin milimita 3 da 5, kuma ta zo ɗaya a kofunan biyu. In man kofi ɗaya ya fi na ɗaya tsawo, ka fara tsere ne da ƙafa ɗaya a rami.

Yanzu ka kwance tulunan, amma ɗaya bayan ɗaya. Kowane fiston da tulunsa aka auna su tare a masana'anta, in ka musanya su ka ɓata duka biyun. Ka yi alama don tulu ya koma yadda ya fuskanta. Ka wanke da fetur da tsumma mai laushi. Ban da sanfefa, ban da wuƙa, ban da man goge ƙarfe a ciki. Tazarar da ke tsakanin gefen fiston da bangon tulu ita ce ran kafiretar, wanda ya kankare ta ya yi gyaran gangar Abzinawa. Gefen fiston a bushe ake barin sa, sandar tsakiya kawai ake ɗiga wa mai. Ka ciro allurai ka karanta lambar da ke gindinsu, dole su zama iri ɗaya, sifirin ɗin cikin tulu ma haka. In ka ga gefe ɗaya na allura ya yi sheƙi, ta daɗe tana gugar jet, ramin jet ya zama ƙwai maimakon da'ira, sai an sauya su duka biyu. Wajen mayarwa, kafaɗar allura ta yi daidai da ƙasan fiston, kada ta leƙo, kada ta nutse.

In ka haɗa, kafin ka sa murfin sama, ɗaga fiston da yatsa ka saki. Ya kamata ya sauko sumul ya buga ƙasa da ƙara, ƙwas. In ya sauko da jan ƙafa ko ya tsaya a hanya, jet ba ya tsakiya. Gyaransa: a cire sifirin ɗin notin saiti, a mayar da notin a kai shi can sama, a sassauta babban notin da ke riƙe da gidan jet, a danna fiston ƙasa allura ta ja jet zuwa tsakiya da kanta, sannan a ɗaure. Sai ka ji ƙwas ɗin nan a duka biyun za ka wuce gaba.

Tarin da ka ce tana yi in ka taka totur, ina kyautata zaton tulunan a bushe suke. Baƙin murfin nan na saman tulu, in ka kwance shi za ka ga sanda da ɗan fiston a ƙarshenta, tana nutsewa cikin mai. Aikin man shi ne ya hana babban fiston zabura lokaci ɗaya, don iska ta ƙara gudu a kan jet ta jawo ƙarin fetur a daidai lokacin da injin ke bukata. Shi ne madadin famfon feshin da ke cikin Solex. Littafin SU ya ce mai mai lamba SAE 20, amma a zafinmu baƙin man injin 20W-50 yana yi, ni shi nake zubawa. Abin da ba na yarda da shi shi ne man birki, kuma na sha tarar da shi a ciki. Ka zuba iri ɗaya, yawa ɗaya, har in kana mayar da murfin ka ji ya fara turjiya saura kaɗan ya kai zare.

Abu na ƙarshe kafin saiti, kuma shi na fi zargi a kan baƙaƙen fulogoginka: cok. A SU, jan cok ba ya toshe iska, jet yake jawowa ƙasa don mai ya ƙaru. In ka mayar da cok, sifirin ne ke mayar da jet sama. A motar da ta daɗe a tsaye, jet kan maƙale a ƙasa, kana ganin ka mayar da cok alhali kafireta ɗaya tana nan a buɗe. Ka sa yatsa a ƙasan kowane jet ka tura sama. In na gaba ya motsa ya ce ƙit, to ga mai shan manka. A wanke, a ɗan shafa mai a mahaɗan, har ya riƙa komawa da kansa.

To, yanzu mun iso. Ka zaga da ita ta yi zafi sosai, daga Samaru zuwa Kwangila ka dawo ya isa. Ka cire matatun iska biyu. Sannan ka yi abin da mafi yawan masu gyara ke tsallakewa, wanda kuma shi ne dukkan sirrin aikin: ka raba su. Tsakanin kafiretocin akwai sanduna biyu, ta totur da ta cok, kowacce da maƙalai masu ƙananan notina. Ka sassauta su duka. Muddin suna ɗaure, in ka murɗa sukurun silo na ta gaba, kana buɗe ta baya ma ba ka sani ba, sai ka yini kana bin inuwarka. Sai kowacce ta tsaya da ƙafarta ne za ka san abin da take yi.

Ka ba su mafari ɗaya. Sukurorin cok ka ja da su baya kada su taɓa kome. Sukurun silo na kowacce ka kwance har faifan totur ya rufe ruf, ka dawo da shi har ya ɗan taɓa, sannan ka ƙara juyi ɗaya da rabi. Notin jet da ke ƙasa mai fuska shida ne, da fuskokin nan muke ƙirga, ba da juyi ba. Ka ɗaga fiston ka leƙa, ka kai notin sama har bakin jet ya yi daidai da ɗan tudun da ke cikin maƙogwaro, sannan ka sauko da shi fuska 12, wato juyi biyu cikakku. Ka ɗiga fenti a fuska ɗaya don kada lissafi ya ɓace maka. Da wannan za ta tashi.

Iska ake fara daidaitawa, mai ya biyo baya. Akwai na'urar da ake kifawa a bakin kafireta, ɗan ƙwallo na hawa cikin gilashi, irin su Uni-Syn. In ka samu, madalla. In babu, guntun tiyo mai tsawon kamu biyu ya isa, da shi aka koya mini. Baki ɗaya a kunnenka, ɗayan a gefen maƙogwaron ta gaba, ka saurari shuuu ɗin iska. Ka matsa zuwa ta baya, ka ajiye tiyon a daidai wuri irin na farko, zurfi ɗaya, kusurwa ɗaya, in ba haka ba kunnenka zai yi maka ƙarya. Wadda ta fi ƙara ita ta fi zuƙa. In silo ya yi sama ka rage mai ƙarar, in ya yi ƙasa ka ƙara wa mai rauni, har muryoyin su zama ɗaya, injin kuma yana wajen juyi 750 zuwa 800 a minti. Wannan ba aikin bakin titi ba ne. A PZ da tsakar rana, ga Keke Napep ga janareta, ba abin da za ka ji. Ka yi shi a tsakar gida bayan sallar asuba, ko da yamma in gari ya lafa. Idonka ma zai taimaka: ka leƙa fistocin biyu, ya kamata tsayin da suka ɗaga ya zo ɗaya.

Sai mai. Notin jet in ya yi sama mai na raguwa, in ya sauko yana ƙaruwa. Da farko ka riƙa juya su tare, fuska ɗaya nan fuska ɗaya can, kana sauraro. Ka bi inda injin ke ƙara sauri da santsi, har ka kai inda ƙari ba ya ƙara kome. Ka koma sama a hankali har juyi ya fara faɗuwa, sannan ka sauko fuska ɗaya ko biyu. Daga nan sai gwajin da ke raba gardama. A gefen kowace kafireta, ƙarƙashin tulu, akwai ɗan fil da ake turawa sama ya ɗaga fiston. Ka tura har ka ji ya taɓa fiston, sannan ka ƙara ɗan kaɗan, inci 1/32, bai kai milimita ɗaya ba. A nan mutane ke kuskure, su tura fil ɗin gaba ɗaya, injin ya nemi mutuwa, su ce mai ya yi kaɗan, su yi ta ƙarawa. In ka ɗaga daidai, ɗayan uku za ka ji. Juyi ya hau ya zauna a sama: mai ya yi yawa a wannan kafiretar, kai notinta sama fuska ɗaya. Juyi ya faɗi nan take: mai ya yi kaɗan, sauko da shi. Juyi ya ɗan ɗaga kamar mai ajiyar zuciya sannan ya koma inda yake: ka samu, cire hannunka.

Saboda bututun nan da ya haɗa su, duk abin da ka yi wa ɗaya sai ya ɗan taɓa ɗaya. Don haka in ka gama da ta baya ka koma ta gaba, ka sake komowa, sau biyu ko uku. Bayan kowane 'yan mintoci ka ba ta wuta zuwa juyi 2,500 na rabin minti don man da ya kwanta a manifol ya wuce, in ba haka ba za ka riƙa saita abin da ba shi ne ba. In aikin ya ja lokaci har wajen ya yi zafi ƙwarai, musamman a watan Maris da Afrilu, ka rufe ka zaga da ita iska ta ratsa. Fetur mai zafi a kofi ba ya faɗin gaskiya. Farantin da ke kare kafiretoci daga zafin manifol ɗin hayaƙi kuwa, in an cire shi an yar, a nemo a mayar. Ka je bayan mota ka saurari salansa: bugu mai tsari da baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa, fat-fat marar tsari ba hayaƙi, ya yi kaɗan. A ƙarshe ka ƙirga fuskokin. In ɗaya ta tsaya a 11 ɗaya a 13, ba laifi. In ɗaya tana 8 ɗaya tana 20, ba saiti ka yi ba, rufa-rufa ka yi wa wani ciwo, koma ka nemo shi. Da yake sauya mai na sauya juyi, ka sake ɗaukar tiyo ka tabbatar iska na nan daidai.

Yanzu a mayar da su ƙarƙashin karkiya ɗaya. Kowane maƙali na sandar totur yana da ɗan fil da ke zaune cikin baki mai kama da cokali mai yatsu. Ana barin 'yar tazara, inci 0.012, wato milimita 0.3, tsakanin fil da leɓen ƙasa na bakin, don wayar totur kada ta riƙe faifan a buɗe. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne tazarar ta zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Ka ɗaure, sannan ka sa wani ya taka totur a hankali kana kallo: dole fistocin biyu su tashi lokaci ɗaya kamar tagwaye. Ka riƙe ta a juyi 1,500 ka sake saurarawa da tiyo. Sau da yawa mota na yin daidai a silo, a hanya ta riƙa jijjiga, don ɗaya na riga ɗaya buɗewa.

Cok ba ya ɗaukar lokaci. Jet biyu suna sama, ka ɗaure maƙalan sandarsa yadda za su sauko tare, ka bar wa wayar ɗan sako-sako. Ka ja cok kamar milimita 13, daidai inda jet ke shirin motsi amma bai motsa ba, ka saita sukurorinsa biyu injin ya kai juyi 1,000 ko ɗan sama. A Zariya ba za ka bukace shi sosai ba sai da sanyin safiyar Disamba da Janairu.

Wajen mayar da matatun iska ka lura da gaskit. A fuskar kafireta, sama da maƙogwaro, akwai ƙananan ramuka da iska ke bi ta shiga ƙarƙashin fiston. In ka juya gaskit ya toshe su, fiston ba zai ɗaga yadda ya kamata ba, mota ta ƙi gudu, ka rasa dalili. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ta fi daɗin ƙara ba matata. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye maka rin da allurai. Bayan ka sa su, ka sake gwada fil ɗin ɗagawa, wani lokaci sai an rage fuska ɗaya.

Gwajin gaskiya a titi yake. Ka sa sababbin fulogi, NGK BP6ES ko Champion N9Y, ka kama hanyar Shika zuwa Giwa da gudu matsakaici na tsawon mintoci, ka sami wuri mai aminci ka taka kuloci ka kashe ta ba tare da ka bar ta ta yi silo ba, ka jira ta ɗan huce ka kwance su. Launin da ake nema shi ne na ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara, a huɗun duka. Ka kuma sani cewa Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, iskarmu ta fi ta Ingila, inda aka zaɓi allurar, rashin nauyi, ga zafi. Don haka kada ka yi mamaki in taka ta fi son notin ya ɗan fi na littafi hawa. In wata rana ka hau da ita Jos, wajen mita 1,200, za ka ji ta ɗan yi nauyi. Kada ka taɓa kome, tana saukowa za ta warware.

Saura abu guda da zai iya kayar da duk wannan. In ka kwance sukurorin silo gaba ɗaya amma juyi ya ƙi sauka, ko kuma duk lokacin da ka saki totur ta tsaya a wani wuri dabam, ka kama sandar faifan totur ta gefe ka girgiza sama da ƙasa. In tana motsi, ita da raminta sun cinye, iska na shiga ta nan, kuma yawan shigarta na sauyawa da kowane taku. Wannan ba ya jin saiti. Har yanzu ana ƙera kayan SU sababbi a Ingila, kamfanin Burlen ne ke yi, ana samun sanda da faifai da jet da allura da gaskit a ƙunshi ɗaya. Lambar da za ka yi oda da ita tana kan ɗan guntun alminiyon da ke maƙale a sukurun murfin kofin mai, ta fara da AUD. In yana nan kada ka bari ya ɓace. Sa sabon bushi a jikin kafireta kuwa aikin mai injin tona ƙarfe ne, kuma ramukan biyu dole a gyara su a layi ɗaya, ba a huda wannan gefe a juya a huda wancan ba. Kafin ka miƙa wa kowa, ka tambaye shi yadda zai yi, in ya ce da dirilar hannu, karɓi kayanka.

Ka fara da tura jet ɗin gaba da yatsa da duba bututun distirbuta na baya, yau ɗin nan, ba sa bukatar ko sisi. Abin da ka gani ka sanar da ni, tare da lambobin kompireshin huɗun.